Me ya sa yawan zuwa ganin likita ya bambanta tsakanin ƙasashe?

Tambaya: "Likita, barka da aiki. Ƙanena yana karatu a Koriya ta Kudu, ya ce a can ko mura mutum ya yi sai ya je wurin likita, kuma nan da nan ake ganinsa. Da na bincika sai na ga an ce ɗan Koriya yana ganin likita fiye da sau 15 a shekara, ɗan Suwidin kuwa bai kai sau 3 ba, alhali duk ƙasashe ne masu arziki. Shin Koriyawa sun fi yawan ciwo ne, ko likitoci ne suka yi musu yawa? Mu kuma da mukan shekara ba mu taka asibiti ba, a wane layi muke?"

Barka kadai, Malam. Abin da kake son sani shi ne me yake tura mutanen wata ƙasa wurin likita a kai a kai, na wata ƙasar kuma sai jefi-jefi, da kuma ko yawan zuwan alama ce ta yawan ciwo. Amsata a taƙaice: ciwo shi ke ta da mutum daga gida, amma yawan zuwan da za a ƙirga wa ƙasa a ƙarshen shekara tsarinta ne yake yanke shi. Ina nufin yadda ake biyan likita, da abin da majinyaci zai ciro daga aljihunsa, da wanda aka tsayar a tsakaninsa da likitan.

Alƙaluman da ka gani daidai ne. Ƙungiyar OECD, wadda yawancin ƙasashe masu arziki suke cikinta, tana tattara wannan lissafi. A 2019 ɗan Koriya ta Kudu ya ga likita wajen sau 17, ɗan Japan wajen 12, Bajamushe kusan 10. Matsakaicin ƙasashen ƙungiyar yana tsakanin 6 da 7. Amurka, duk da ita ce ta fi kowa kashe kuɗi a kan lafiya, ba ta wuce wajen 4 ba. Suwidin da Meziko suna ƙasa da 3.

Zato na farko, cewa Koriyawa sun fi ciwo, bai tsaya ba, domin tsawon rai a Koriya da Suwidin kusan ɗaya ne, wajen shekara 83. Batun arziki ma bai warware ba, tunda ɗan Suwidin ya fi ɗan Koriya samu. Zaton yawan likitoci kuwa akasinsa ne gaskiya. Koriya tana da likita wajen 2.6 ga kowane mutum 1,000, har da masu maganin gargajiyarsu da suka yi karatun jami'a, Suwidin kuwa tana da fiye da 4. Wato ƙasar da take da ƙarancin likitoci ita ce mutanenta suka fi ganin likita. Likitan Koriya yana ganin majinyata fiye da 6,000 a shekara, na Suwidin bai kai 1,000 ba.

Yadda ake biyan likita

Nan ne gizo yake saƙa. Koriya ta shigar da kowa cikin inshorar lafiya a 1989. Yawancin asibitoci da ɗakunan duba marasa lafiya na masu zaman kansu ne, amma hukuma ce take ƙayyade kuɗin kowane aiki, kuma ta ƙayyade kuɗin ganin likita da sauƙi. Ana biyan likita ne a kan kowane zuwa da kowane aikin da ya yi. Halinsa ya zama kamar na mai shagon da aka hana shi ƙara farashi, ga kuɗin haya ga albashin yara: hanyar da ta rage masa ita ce ciniki ya yawaita. Shi ya sa ganin likita a can gajere ne, har su da kansu suna kiransa duban minti uku. Mai mura yakan samu maganin kwana uku, a ce in bai ji sauƙi ba ya dawo. Dawowar nan zuwa na biyu ne a lissafi, ko da ciwon ɗaya ne.

Ƙari a kan haka, babu mai tsaron ƙofa, wato likitan da sai ya tura ka kafin ka ga ƙwararre. In ban da manyan asibitocin koyarwa da ake neman takardar turawa, mutum yana iya shiga wurin likitan kunne da safe, ya leƙa wurin likitan ƙashi da yamma, duk a kan titi ɗaya, ba tare da wani ya tura shi ba. Japan ma kusan haka take. Can ma hukuma ce take tsara farashi, ana biya a kan kowane zuwa, kuma shekaru da yawa ƙa'idarsu ita ce kada a rubuta wa mutum maganin da ya wuce na mako biyu, sai a 2002 aka sassauta. Mai hawan jini da yake karɓar magani duk bayan mako biyu zai ga likita fiye da sau 20 a shekara, ba tare da jininsa ya fi na kowa hawa ba.

Kada a ɗauka ina zargin likitocin can da kwaɗayi. Na yi aiki a asibitin gwamnati, na yi a asibitin kuɗi, na kuma ga yadda kalmar "dawo jibi mu gani" take saurin fita daga bakin likita a inda kowane zuwa yake da kuɗinsa, da yadda "dawo bayan wata uku" take saurin fita a inda layi ya kai bakin ƙofa kuma albashi ba ya canzawa. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya ne, kuma a duka wuraren yana iya kare hukuncinsa da hujja. Akwai fili mai faɗi a aikin likita wanda littafi bai yanke magana a kai ba, to a cikin wannan fili tsarin biya yake juya hannun mutum ba tare da ya ankara ba.

A Suwidin yawancin likitoci albashi suke ɗauka. Wanda bai ji daɗi ba yakan fara da kiran lambar 1177, inda ma'aikaciyar jinya za ta saurare shi, ta ce masa ya sha kaza ya huta, ko ya je cibiyar unguwarsu, ko ya garzaya asibiti. A cibiyar ma ba lallai likita zai gani ba. Awon ciki ungozomomi ne suke yi, duba lafiyar yara da bibiyar masu ciwon suga da yawa a hannun ma'aikatan jinya yake, kuma duk wannan ba ya shiga lissafin "ganin likita". In mutum ya kai ga likitan kuwa, zai zauna. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya duba ƙasashe 67, ya samu cewa a Suwidin ganin likita yana ɗaukar wajen minti 22 da rabi, a Bangaladash kuwa daƙiƙa 48. Ka ɗan yi lissafi a ka: zuwa 16 na minti 4 ya ba ka minti 64, zuwa biyu da rabi na minti 22 ya ba ka minti 55. Lissafi ne na ƙiyasi, amma ya nuna maka cewa lokacin da mutanen biyu suke samu a gaban likita a shekara bai yi nisan da alƙaluman farko suka nuna ba. Tsarin Suwidin yana da nasa ciwon, wato jira. Mutanensu suna kuka da daɗewa kafin a ba su ranar ganin ƙwararre.

Birtaniya da Holan suna kusa da wannan. Kowa yana da likitan iyali da ya yi rajista da shi, sai shi ya tura ka kafin ka ga ƙwararre, kuma a Birtaniya babban kaso na kuɗinsa yana zuwa ne bisa yawan mutanen da suke rajistarsa, ko sun zo ko ba su zo ba.

Kuɗin da ake biya a bakin ƙofa

Wannan ɓangare shi ya fi damuna, kuma shi ne aka fi yi wa bincike mai ƙarfi. Daga 1974 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta raba dubban mutane ta hanyar ƙuri'a zuwa inshora iri-iri. Wasu ba sa biyan ko sisi, wasu suna biyan kashi 25, wasu 50, wasu 95 cikin ɗari na kuɗin jinya har zuwa wata iyaka. Waɗanda ba sa biya sun ga likita wajen sau huɗu da rabi a shekara, masu biyan kashi 95 ba su kai sau uku ba. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce wani rukuni ya fi wani ciwo ba. Kuɗin ne ya yi aikin.

Abin da ya kamata kowane mai tsara manufa ya riƙe daga wannan gwaji shi ne wane irin zuwa ne kuɗin ya rage. An so a ce ya rage zuwan banza ya bar na dole. Bai yi haka ba, ya rage duka biyun kusan daidai wa daida. Dalilin a fili yake: mutumin da yake gida da ciwon kai bai san ko gajiya ce ko jininsa ne ya hau ba, ai saninsa shi ne abin da yake zuwa nema wurin likita. Ga matsakaicin mutum mai lafiya ba a ga wata illa ba, amma talakawa masu hawan jini sun fi samun saukar jininsu a rukunin da ba a biya.

A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta sake ba da irin wannan dama, inda ta yi ƙuri'a tsakanin marasa galihu wajen 90,000 da suka nemi inshorar gwamnati. Ga waɗanda suka samu inshorar, yiwuwar zuwa ganin likita ta ƙaru da wajen kashi 35 cikin ɗari a shekarar farko, bashin asibiti ya ragu a kansu, ciwon damuwa ma ya ragu. Amma cikin shekara biyu ba a ga wani sauyi bayyananne a awon jininsu da sugansu ba. Ina kawo wannan ne don adalci: buɗe ƙofa yana kawo mutane, abin da za a yi musu bayan sun shigo kuma wani aiki ne daban.

Japan ma ta gwada cire kuɗin gaba ɗaya. A 1973 ta mai da jinyar masu shekara 70 zuwa sama kyauta, ɗakunan jira suka cika da tsofaffi har ana cewa sun zama majalisar hira, kuɗin jinya ya yi tashin gwauron zabi, a 1983 aka dawo da ɗan biya. Jamus kuma a 2004 ta sa Yuro 10 a kan zuwan farko na kowane wata uku don ta rage cunkoso. Zuwa ya ragu da farko, daga baya ya koma kusan yadda yake, aka bar ma'aikata da wahalar karɓar kuɗi da rubuta rasit. A ƙarshen 2012 majalisarsu ta soke shi ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Ita Koriya, daga Yulin 2024 ta ce duk wanda ya wuce zuwa 365 a shekara zai biya kashi 90 cikin ɗari na kuɗin zuwan da ya biyo baya. Kafa irin wannan doka kaɗai ya isa ya nuna maka akwai masu zuwa fiye da sau ɗaya a rana.

A inda mutane suke hannu baka hannu ƙwarya, tasirin kuɗi ya fi haka nesa ba kusa ba. Da Yuganda ta soke kuɗin asibitocin gwamnati a Maris 2001, masu zuwa sun ƙaru sosai, kuma talakawa ne suka fi ƙaruwa. Da Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, iyaye mata sun yi ta kai yaransu. Waɗannan yara ba a ranar suka fara zazzaɓi ba, da can a gida ake jinyarsu. Sai dai a Nijar gwamnati ta riƙa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, magani ya riƙa yankewa, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Ghana ma saboda irin wannan ciwo ta kafa inshorarta a 2003, don ta fita daga tsarin kuɗi hannu kafin magani.

Takarda, shekaru da sabo

Akwai zuwan da ba ciwo ne ya kawo shi ba, doka ce. A Jamus ma'aikacin da rashin lafiya ta hana shi aiki fiye da kwana uku dole ya kawo takardar likita, kuma mai aikin yana da ikon nemanta tun ranar farko. A Birtaniya da Suwidin mutum yana iya shaidar kansa har kwana bakwai. Mura ɗaya ce, a wata ƙasar ta zama zuwa asibiti, a wata ta ƙare a kan gado da shayi.

Shekaru suna da nasu rabo. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai 65, kuma tsoho mai ciwo uku ba zai yi zuwan saurayi ba. Mata a yawancin ƙasashe sun fi maza zuwa, musamman a shekarun haihuwa. Sabo ma gaskiya ne: a Holan an san likitocin iyali da cewa a sha farasitamol a jira kwana biyu, mutane kuma sun saba. Amma ni ina taka-tsantsan da jingina komai ga al'ada, domin sabo yakan biyo tsari. Wanda ya tashi ya ga likita yana ƙasan benensu, kuɗin kaɗan ne, ba a jira, dole ya saba da zuwa.

Mu a wane layi muke?

Ba a cikin layin Suwidin muke ba, ko da alƙalumanmu sun yi kama da nasu. Ƙarancin zuwan ɗan Suwidin ya samo asali ne daga wani ma'aikaci da ya tare matsalar kafin ta kai ga likita. Namu ya samo asali ne daga rashin kaiwa. A Nijeriya likitoci ba su wuce wajen 4 ga mutum 10,000 ba, yawancinsu a birane, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita kai tsaye. A binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, kusan rabin matan da aka tambaya sun ce samun kuɗin magani babbar matsala ce gare su, wajen kashi ɗaya cikin huɗu suka ambaci nisa, wajen ɗaya cikin goma suka ambaci samun izini. Dokar inshora ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma har yanzu mafi yawan mutane ba su shiga ba.

Kuɗin kati shi ne ƙarami a cikin lissafin majinyacinmu. Akwai kuɗin mota na mutum biyu, tunda mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai yinin da aka rasa a gona ko a kasuwa. Akwai gwaji, akwai hoto, sannan magani. Tambayar da na fi ji a ɗakin duba marasa lafiya, bayan na miƙa takarda, ita ce: "Likita, a cikin nan wanne ne ya fi muhimmanci? Shi zan fara saya." Na sha ganin dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta fito da kati a naɗe cikin leda, na duba na ga an ce ta dawo bayan wata ɗaya, ga shi ta yi wata biyar. In ka tambaya sai ta ce ai tana shan maganin, raba ƙwayar take yi biyu don ta kai ta. Irin wannan baiwar Allah a lissafi za ta fito a matsayin mai ƙarancin buƙatar likita, alhali ita ce wadda ake kawowa a ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki.

Kuma mutanenmu ba zama suke yi ba su nemi magani ba. Suna zuwa kemis, suna zuwa wurin malamin asibiti na unguwa, da maɗori, da mai maganin gargajiya. Da za a ƙirga zuwa kemis a matsayin ganin likita, da alƙalumanmu sun hau sosai. Mai kemis yana kusa, yana buɗe har dare, yana sayar da ƙwaya biyu, yana ba da bashi. Duk abin da ya sa ɗan Koriya yake shiga wurin likita da mura, shi ne yake sa namu ya shiga kemis. Bambancin shi ne wanda yake bayan kanta.

Iyakar abin da alƙaluman suke iya faɗa

Ƙasashe ba sa ƙirge iri ɗaya. Wasu daga takardun biyan inshora suke ɗauka, wasu tambayar mutane suke yi sau nawa suka je, kuma mutum yana mantuwa. Wasu suna haɗa ganawa ta waya, wasu ba sa haɗawa, abin da ya ƙara rikita lissafi tun daga annobar korona. Sannan abubuwan da na lissafa a sarƙe suke: ƙasar da take biyan likita a kan kowane zuwa sau da yawa ita ce marar mai tsaron ƙofa, don haka alƙaluman ƙasa da ƙasa ba sa iya raba wa kowane dalili kasonsa. Abin da gwaji ya tabbatar ƙwarai shi ne tasirin kuɗin aljihu. Sauran hujjarsu kwatance ce tsakanin ƙasashe, da abin da ya faru bayan an canza doka.

Ba kuma wani adadi da za a ce shi ne daidai ga ƙasa. Koriya da Suwidin duk sun kai mutanensu shekara 83 ta hanyoyi biyu mabambanta. In da za a tambaye ni abin da ya dace mu ɗauka, daga Koriya zan ɗauki shigar da kowa cikin inshora, daga Suwidin kuma in ɗauki ba ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma horo da ikon riƙe masu hawan jini da suga da masu ciki a kusa da gida. Da likitocin da muke da su, ko kusa ba za mu iya tsarin zuwa 15 ba, kuma ba ma buƙatarsa.

Kai kuma a karan kanka, Malam, shekara ba ka taka asibiti ba ba laifi ba ne in kana da ƙuruciya da lafiya, amma ka riƙa auna jininka aƙalla sau ɗaya a shekara, domin hawan jini ba ya sallama. In ka haura 40, ko akwai ciwon suga a gidanku, ka haɗa da awon suga. Wanda aka riga aka ɗora a kan maganin jini ko suga, ranar da aka ba shi ta dawowa ba ta tsallakuwa, in kuma kuɗin mota ne matsala ya faɗa wa likita a fili a rubuta masa na wata biyu ko uku in jikinsa ya daidaita. Mai ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar ganawa 8 da ma'aikacin lafiya kafin haihuwa, ta farko a cikin wata ukun farko. Yaro ƙarami da zazzaɓi kuwa a kai shi a yi masa gwajin maleriya cikin awa 24, in kuma ya fara jijjiga, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ba a jiran gari ya waye.